Kawuna da Tambayoyin Ciwo na Ɗaliban Japan

Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a gidansa na unguwar Sharafiyya a Jidda, matarsa Hajiya na zaune a gefensa. Ni ina makaranta a lokacin, a gaban ɗalibaina masu koyon aikin jinya. Wayata ta yi ta motsi a aljihu, na ƙi dubawa har na kai ƙarshen darasi, domin na san abin da zan tarar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan la'asar aka yi masa salla, aka kai shi makwancinsa.

A Jidda azza muke ce wa zaman makoki. Ana jera kujeru a ƙofar gida, a ja fitilu daga bango zuwa bango, maza su zauna a waje tsakanin magariba da isha, mata kuma a ciki. Tun ranar farko kujerun da aka ɗauko suka gaza, sai da maƙwabta suka fito da nasu. 'Ya'yan Kawu maza sun ce sun gaji da tambayar juna wane ne wannan, wane ne wancan, don yawancin masu zuwa ba su taɓa ganin fuskarsu ba. Tsofaffin abokan aikinsa na asibiti sun zo, Larabawa da Indiyawa da 'yan Filifin. Mai sayar da ful, wato dafaffen wake, na kan kwana, mutumin Yaman, ya rufe shagonsa ya zo yana zuba wa mutane gahawa kamar ɗan gida. Akwai kuma wani mai sayar da turare, mutumin Damagaram, da ya ƙi zama. Duk wanda ya gaisa da shi sai ya ɗaga hannunsa na dama sama, ya juya shi, ya ce a duba. Ya ce an yi lokacin da wannan hannu ba ya iya kai loma baki, iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, kuma ta mutu, yana tsoron ƙofar asibiti, Kawu ne ya riƙa bin sa har ɗakinsa a unguwar Waziriyya yana motsa masa shi har ya saki. Yana faɗa yana kuka, hannun na sama.

A ɓangaren mata, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ce ta tsaya a bakin ƙofa tana karɓar gaisuwa. Ƙanwar Kawu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. An kawo mata kujera ta ture. Ta ce Yaya ne ya tsayar da ita a kan ƙafafunta, ba za ta karɓi ta'aziyyarsa a zaune ba.

Washegari da safe, falo cike da mata, aka kira wayar Hajiya ta bidiyo. Wata tsohuwa ce 'yar Japan, 'yar ƙarama, cikin baƙaƙen kaya, a bayanta samari da 'yan mata a tsaye. Ta sunkuya ta daɗe a sunkuye, su ma suka sunkuya. Da ta ɗago, ta yi magana a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai tsoron kada kalmomin su zube: "Ara ya jikansa." Allah ya jiƙansa take nufi. Matan da ke kuka suka ce amin, wasu dariya ta kuɓuce musu cikin hawaye. Wata jikar Kawu ta tambaya da Larabci wace ce wannan. Hajiya ta ce, "Gwaggonku ce ta Japan."

Tambayar yarinyar nan ce ta zaunar da ni rubutu. Yaranmu sun san kakansu mutum ne mai shan koren shayi ba sukari, mai faɗa idan an shigo ɗaki da takalmi. Ba su san sauran ba. Na rubuta da Hausa kuma, duk da Hausata ta 'yan Jidda ce, rabi Hausa rabi Larabci, saboda da ita yake mini magana idan abin ya kai zuci.

A unguwar Ruwais ta nan Jidda aka haife shi. Mahaifinsu daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa zuwa aikin hajji, ya yi zama a Sudan yana noma, ya ƙetare teku, ya sauke farali, bai koma ba. Kawu ya tashi ya yi karatu, ya shiga aikin asibiti a sashen da Hausawa ke kira gashin ƙashi, inda ake motsa wa mutum gaɓoɓi bayan karaya ko shanyewar jiki. Ba ya son sunan. Yakan ce shi bai taɓa gasa ƙashin kowa ba, tsire ake gasawa. Yana saurayi asibitinsu ya sayo injuna daga Japan, aka nemi wanda za a tura ya koyo yadda ake aiki da su. Manyansa duk suka noƙe, wannan ya ce iyali, wancan ya ce ya ji ɗanyen kifi suke ci. Shi ya ce zai je. An tura shi na 'yan watanni, ya nemi izini ya zauna ya yi cikakken karatun sana'ar a can, da yarensu. A ajin nan ya san matar da ta kira mu. Ita ce ta riƙa gyara masa rubutu, shi kuma yana taimaka mata da Turanci. Daga baya ta zama malama mai koyar da sana'ar, suka ci gaba da zumunci, da wasiƙa da farko, sannan da waya. Hajiya ce ta raɗa mata Gwaggon Japan, kuma duk azumi sai ta aika mata dabino.

Ya dawo da ɗabi'u da ba a saba gani ba a layinmu. Idan ya yi maka sallama sai ya ɗan sunkuya, ba rusunawar Hausawa ba, ba kuma ta kowa a Jidda ba. Abin da ya fi ba shi dariya har tsufansa shi ne ranar da ya ji wani majinyaci a can yana cewa kansa na yi masa zuki-zuki. Ya ce ya tsaya ya dubi mutumin, ya ce a ransa wannan ai zugi yake faɗa, wa ya kai musu Hausa? Tun daga nan ya zama mai farautar sunayen ciwo. Idan ka ce masa ƙafarka na ciwo, ba zai taɓa ka ba sai ya tambaye ka wane iri. Zafi ne ko raɗaɗi? Suka yake yi, ko zugi, ko tsami? Yana tafiya ko yana wuri ɗaya? Mu yara muna gudun faɗa masa mun yi tuntuɓe, don tambayoyin sun fi tuntuɓen daɗewa. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana, kuma da na ce zan karanci aikin jinya shi ne ya raka ni makarantar ranar farko, ya tsaya a ƙofa har na shige.

Abin da ya yi wa Inna shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ta zame a matakala ta bugu a baya. Aka yi hoto, wani likita ya ɗaga shi a gabanta ya nuna mata da biro, ya ce ƙashin bayanta ya cinye, ta yi hankali. Kalmar nan ta cinye ita ce ta kwantar da ita. Buguwar ta warke, ciwon bai tafi ba. Ta daina hawa bene, ta daina sunkuyawa, ta koma salla a zaune, daga baya a kishingiɗe. Macen da take dafa wa gidan biki tuwo ta zama sai an miƙo mata ruwa. An shiga shekara ta biyu a haka. Kawu ya duba ta ya sake dubawa, ya kai ta wajen abokansa likitoci, duk suka ce babu abin da zai hana ta tafiya. Da ya gaya mata, sai ta ɗauka cewa yake ƙarya take yi. Ta juya masa baya, ta ce tunda ciwon ba a jikinsa yake ba, ya tafi ya bar ta da Allah. Sun yi makonni ba ta amsa masa sai gaisuwa.

Wata Juma'a ya shigo da babban ambulan. Ya zaro hoton baya ya ɗaga shi a jikin taga, ya ce ta duba. Ya nuna mata inda ƙasusuwa suka matse, inda suka yi tsiro, inda suka karkace. Inna ta ce ai ta gani, ba sai ya ƙara mata baƙin ciki ba.

Ya ce, "Wannan ba naki ba ne. Nawa ne. Ya fi naki lalacewa, kuma da shi na hau benen nan yanzu."

Ta ƙura wa hoton ido. Ya zauna a ƙasa kusa da katifarta ya yi mata bayani da Hausa mai sauƙi. Ya ce ciwonta na gaske ne, bai taɓa shakka ba. Amma jiki yana da masu gadi, kuma mai gadin da ya taɓa ganin ɓarawo yakan riƙa ihu ko mage ce ta wuce. Nata sun tsorata tun ranar faɗuwar, maganar likitan ta ƙara firgita su, kwanciyar kuma tana tabbatar musu cewa lallai akwai haɗari. Ba za a yi musu faɗa ba, a hankali za a nuna musu gida lafiya yake.

Ranar daga katifa zuwa ƙofar ɗaki kawai suka je, tana riƙe da kafaɗarsa tana yi masa masifa. Ya riƙa zuwa bayan ya tashi aiki. Daga ƙofar ɗaki aka kai tsakar gida, daga nan kan kwana wajen mai ful. Akwai ranakun da ciwon ya taso ta ce halas, wato shi ke nan, ta fasa, ya ce to, gobe, ya kuma dawo goben. Da sanyi ya shigo ya fara kai ta bakin teku kusa da Ruwais, inda suka yi wasa suna yara, su yi tafiya yana ba ta labarin mutanen unguwar da suka mutu. A ƙarshe ya ɗauke mu zuwa umara. Mun je da keken guragu don ko ta kwana, Inna ta dube shi ta ce a bar shi a mota. Ta yi ɗawafi da ƙafarta, ta yi sa'ayi da ƙafarta, tana hutawa tana tashi. Da ta gama a Marwa ta nemi wuri ta yi sujada, goshinta a ƙasa, karo na farko tun faɗuwar. Kawu ya juya yana gyara haraminsa da ba abin da ya same shi.

Bayan ya yi ritaya ne Gwaggon Japan ta nemi taimakonsa. Akwai wasu tambayoyi da ake ba ɗaliban aikin lafiya don a gane ko sun fahimci yadda ciwo yake aiki a jiki. Gajerun jumloli ne, ɗalibi ya karanta ya ce wannan daidai ne, ko kuskure ne, ko ban sani ba. Da Turanci aka rubuta su, ɗalibanta kuwa Turancin na ba su wuya, har ba ta iya gane ko ilimin ne ba su da shi ko yaren. Sai ta sa abokan aikinta biyu suka fassara zuwa Japananci. Ka'idar irin wannan aiki ita ce a sami wani dabam, wanda bai ga na asalin ba, ya mayar da fassarar zuwa Turanci, sannan a jera biyun a ga ko ma'ana ta zube a hanya. Wannan mayarwar ce ta roƙe shi ya yi. Ya amsa tun kafin ta rufe baki.

Idonsa ya yi rauni a lokacin, saboda haka ni ce mai bugawa. Ranakun hutuna nakan je da safe, in tarar ya shimfiɗa takardun a kan tebur da gilashin ƙara girman rubutu. Ya karanta jumla da ƙarfi, ya rufe ido, ya juya ta a baki, sannan ya faɗa mini Turancinta. Na san tambayoyin na asali, don mu ma muna amfani da irinsu, sai ya kafa mini doka: kada in gyara masa, kada ma in ɗaga gira. Wata jumlar mukan gama ta kafin shayi ya huce, wata ta ci mana safiya guda.

A kan jumla ɗaya rigima ta tashi. A asali tana cewa ne, kai tsaye, tsananin ciwo shi ne ma'aunin ɓarnar da ke jiki. Amsar da ake so ɗalibi ya bayar ita ce kuskure ne. Masu fassarar, saboda ladabin yarensu da ba ya son a yanke magana, sun sassauta ƙarshenta. Da Kawu ya mayar da ita sai ta fito kamar haka: ana iya cewa wani lokaci tsananin ciwo kan nuna girman ɓarnar da ke jiki. Da aka jera ta da ta asali ba su yi kama ba. Gwaggon Japan ta ce laifinsa ne, ya ɗauki ladabi ya mayar da shi ma'ana, duk ɗan ƙasarsu ya san jumlar a tsaye take. Shi ya ce a'a. Idan har an ce wani lokaci, to maganar ta zama gaskiya, ɗalibi mai ilimi zai ce daidai ne a ba shi kuskure, marar ilimi ma zai ce daidai ne, ba za a bambance su ba.

Ina zaune suka yi maganar ta bidiyo. Ba na jin yaren, amma na ga suna murmushi, wannan ya sunkuya wancan ta sunkuya, murya ƙasa-ƙasa. Na ɗauka an daidaita. Da ya kashe wayar ya cire tabarau ya ce, "Uwata, yau mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba tun muna ɗalibai."

Ashe ta ce masa ya daɗe da barin ƙasar, Japanancinsa na tsofaffi ne, ya bar wa masu yaren yarensu. Shi kuma ya ce mata ya ga abin da kalma ɗaya ta yi wa ƙanwarsa, kuma ɗalibin da aka bari ya wuce da wannan fahimta gobe shi ne zai tsaya a kan majinyaci da biro a hannu. Ba zai canza abin da ya gani a takarda don a ji daɗi ba. Daga ranar waya ta ɗauke. Hajiya ta yi ta fama da shi ya kira, ya ƙi. Ta ce ba ta taɓa ganin tsoho yana gaba da mutumin wata duniya a kan jumla ɗaya ba. Ya ce jumlar ce aikin.

Cikin wannan shirun ne rashin lafiyarsa ta bayyana. Ya fara rama, ya daina tafiyarsa ta bayan asuba, idan zai tashi sai ya dafa kujera ya ɗan jima. Ya ce tsufa ne. Inna ce ta tare shi wata rana da muka je, ta ga ya ajiye kofin shayi bai sha ba, yatsunsa sun damƙe hannun kujera. Ta matso ta zauna a gabansa ta ce, "Yaya, wane iri ne?" Ya so ya yi dariya bai iya ba. Ya ce mata irin mai zurfi ne, a cikin ƙashi, ba ya barin sa ko yana kwance, kuma ya san ma'anarsa. Aka yi gwaje-gwaje. Ciwon daji ne, ya riga ya kai ƙasusuwa.

Bai ɓoye wa kowa ba bayan nan. Ya ce wannan karon masu gadin gaskiya suka faɗa, kuma shi bai taɓa koya wa kowa ya yi watsi da ciwo ba, abin da ya koyar shi ne a saurare shi a bincika. Maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi da aka rubuta masa yana shan sa a kan lokaci. Wani dattijo cikin masu dubiya ya ce masa mumini haƙuri yake yi, ciwo kankarar zunubi ne. Kawu ya amsa masa cikin ladabi cewa wanda ya saukar da cutar shi ya saukar da maganin, kuma yana so ya yi salla hankalinsa na kan salla. Daga baya na ji dattijon ya koma gida ya bar matarsa ta fara shan nata maganin da ya hana ta.

Ana cikin haka Gwaggon Japan ta kira. Ba ta san yana jinya ba. Ta ce ta zauna da ɗalibanta kaɗan-kaɗan, ta sa kowa ya karanta jumlolin ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. Da aka zo kan jumlar rigima, waɗanda ta fi yarda da iliminsu ne suka tsaya suna jujjuya biro, suka ce ai Malama idan wani lokaci ne to gaskiya ne. Ta ce ta koma ofis ta zauna ita kaɗai tana jin kunya. Ta sunkuya a gaban wayar har ba ma ganin fuskarta. Kawu ya ce ta ɗago, shi ma ya yi kaifin baki. Sannan ta ce akwai saura. A wata jumlar ya ba da shawarar wata kalma da ya nace ta fi dacewa, ita ma ta gwada ta. Ɗaliban sun yi ta dariya, wata ta ce rabonta da jin kalmar tun kakanta na raye. Kawu ya yi dariya har ya riƙe haƙarƙari, ya ce a cire ta, a binne ta tare da tsaranta. A ƙarshen hirar ya gaya mata halin da yake ciki. Ta saurare shi har ya gama. Da ta yi magana, cewa ta yi gobe da safe za su ci gaba.

Haka aka ƙarasa aikin. Yana shan magani bayan karin kumallo, idan ya fara aiki sai a jingina shi da matasai a kira ta. Suka bi jumlolin ɗaya bayan ɗaya, ita da abokan aikinta a can, shi a nan, a tsayar da wadda ta yi laushi, a sauƙaƙa wadda ta yi tsauri. Wasu ranakun muryarsa takan ƙare a tsakiyar jumla, ya ɗaga hannu a jira shi. Babban ɗansa ya ce a dakatar da aikin nan yana ƙarasa shi. Hajiya ta ce a bar shi, ita ta san lokacin da idonsa ke haske.

Da aka gama, Gwaggon Japan ta ce sabbin ɗalibai za su amsa tambayoyin a farkon zango, su sake amsawa bayan darussan ciwo, kuma tana so ya halarci zaman ƙarshe ya yi musu magana. Ranar ya sa aka yi masa aski, ya sa farar jallabiya da hular da yake zuwa idi da ita. Ya ƙi a yi a gado. Muka kama shi zuwa falo, muka zaunar da shi, aka haɗa wayar da talabijin. Sai ga aji cike da matasa, suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe shi. Ni da Inna da Hajiya muna gefe, ba mu jin ko kalma, amma mun ga yadda bayansa ya miƙe. Ya yi musu magana da muryar da na manta yana da ita. Ya nuna Inna, na gane labarinta yake bayarwa, suka juyo suna tafa mata, ita kuma ta ja mayafi ta rufe baki. Ya ce zuki-zuki, ya ce zugi, ajin ya fashe da dariya.

Can wata ɗaliba ta miƙe ta yi doguwar magana. Bayan an rufe ya fassara mana. Ta ce a farkon zango ta amsa jumlar nan da daidai ne, ba ta ko yi shakka ba, kuma da aka nuna mata kuskure ne abin ya tsaya mata a rai. Tana da kaka mai ciwon gwiwa da ta daina fita, kuma ita da kanta take ce mata ta zauna kada gwiwar ta ƙarasa. Ta koma gida ta kai ta aka duba, aka ce ba abin da zai hana ta motsi, suka fara tafiya tare. Yanzu tsohuwar ita ke zuwa kasuwa da kanta.

Kawu ya jingina kansa ya rufe ido, muka ɗauka gajiya ce. Sai ya ce a aika wajen mai ful, a haɗo da burodin tamis mai zafi, yunwa yake ji. Ya ci abin da bai ci ba cikin watanni. Ya ce wa Hajiya halas, ya sauke wannan kaya. Da ya wanke hannu ya kira ni kusa.

Ya ce, "Uwata, na yi wa mutanen Japan. Namu fa?"

Na ce ai akwai na Larabci. Ya ce ba shi yake nufi ba. Akwai ɗalibai a Kano da Maraɗi da za su tsaya a kan tsofaffi irin Inna, akwai mutanenmu a nan da ba sa iya faɗa wa likita abin da ke damunsu sai da Hausa. Ya ce aikin zai fi na Japan wuya, don mu da kalma ɗaya muke kiran rauni da cuta da abin da ake ji, duka ciwo ne, jijiya kuma ɗaya ce a bakinmu, ta jini da ta saƙo. Na ce masa Hausata ba ta kai ba, ba na gama jumla sai Larabci ya shigo. Ya ce shi ma an ce masa yarensa na tsofaffi ne, kuma an gama aikin. In nemi waɗanda suka fi ni, in yarda a yi mini dariya, in kuma tsaya inda ya kamata in tsaya.

Bai ƙara zama a falon ba. Bayan 'yan makonni Allah ya karɓi abinsa.

Na fara. Na sami wata malamar jinya a Kano da wani likita a Maraɗi, muna haɗuwa ta waya ranar Asabar da safe. Har yanzu muna kan jumlolin farko, kuma makon jiya mun rabu kowa na fushi a kan kalma ɗaya. Na fito daga ɗakin raina a ɓace, na tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta tambaye ni me ya faru, na gaya mata. Ta ce to, aiki ya kama hanya ke nan.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa. Yadda ya sauƙaƙa wa bayin Allah raɗaɗinsu a nan, Allah ya sa ya tarar da sauƙi a can, ya haɗa mu da shi a gidan da babu ciwo. Amin.